Tashe Ba Bara Ba Ne

Duk shekara, da azumi ya kai goma, sai a ji masu cewa tashe bara ce da aka haɗa da kiɗa, wasu kuma su ce hayaniya ce a watan ibada. A Kano abin ya wuce magana, domin a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sha sanar da hana shi, saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya. Ban raina wannan dalili ba. Amma mai kiran tashe bara, ina shakkar ko ya taɓa tsayawa ya kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe.

Tarihinsa ba ɓoyayye ba ne. Ya samo tushe daga tada mutane sahur, musamman gwauron da ba shi da mai tada shi, kuma har yau Nalako, Sarkin Gwagwaren Kano, shi ne jigon wannan ɓangare. Daga nan yara suka karɓa, suka mai da shi wasan goma ta wuya, lokacin da marmarin azumi ya wuce, ɗokin Sallah bai iso ba.

Idan ana lissafin bukukuwan da iyali ke mora a babban birni, Hawan Sallah ake fara ambata: Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a Kano, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ko hawan Sarkin Dutse da mutanen Gwaram da Birnin Kudu ke zuwa kallo. Ina son hawa, amma biki ne da ake zuwa gare shi. Sai mai ƙafa da kuɗin mota. Tsohuwa da mai jego da matar kulle, labari kawai suke samu. Tashe kuwa shi ke yin sallama a zaure, a ce ya shigo, tsakar gida ta zama dandali.

Gwanintarsa tana wuri ɗaya: yaro ya ari rigar babba, ya faɗi abin da kunya ta hana shi faɗa da bakinsa. Dubi tashen Malam. Yaro ya naɗa rawani, ya manna gemun auduga, ya rungumi allo da carbi. 'Yan amshi suna tuhumarsa da cewa an ga ya taka rawa, shi kuma yana musantawa. Suna ƙara matsa masa, kiɗan gwangwani yana ƙara zafi, yana nan kan musunsa, amma kafaɗa ta fara motsi, ƙafa ta bi, har rawani ya karkace. Baki na cewa a'a, jiki na ba da shaida. Ba wanda ya tsaya ya yi bayanin illar fuska biyu, kuma ba a bukatar hakan, domin mai kallo ya gani da idonsa. A lura kuma da inda hukuncin yake: a bakin 'yan amshi, wato jama'a. Mai rawani shi kaɗai ne, su kuwa taro ne, kuma ba sa gajiya da maimaitawa. Maimaicin nan da wasu ke ɗauka ƙarancin hikima, shi ne makamin wasan, domin da shi ake lallaɓa mai musu har ya tona kansa. Malamin gaske da ke zaune a zaure zai yi dariya, tunda ba shi aka ambata ba, amma saƙon ya shiga kunnen kowa.

Haka Mairama da Daudu. Yarinya ta sa babbar riga da hula ta zama maigida, wata ta zama amarya, ana koya mata ladabin miji. Wasu sun ce wannan koyar da biyayya ne kawai. Sun saurari waƙar, ba su kalli Daudu ba. Yadda yarinyar ke hakimcewa, tana gyaran murya, tana jiran a kawo mata komai, hoton maigidan ne kamar yadda 'ya'yansa mata ke ganinsa kullum. Dariyar matan gida a nan take fashewa, kuma sun san abin da suke wa dariya. Tsoho da Gemu kuwa, da sandarsa da rawar jiki, yana sa a yi raha sannan a ji tausayi, Jatau Mai Magani kuma yana jera saiwoyi da cututtuka da irin bakin masu tallar magani a kasuwa.

Masu cewa tashe matakin farko ne da ya haifi wasan kwaikwayo na zamani, su ma sun rage masa daraja. Ba jaririn fim ba ne. Cikakken fanni ne mai ƙa'idarsa: ɗan lokaci kaɗan, kayan wasa daga abin da ke gida, 'yan kallo da suka san ɗan wasa da uwarsa. Geron da aka ba yara ko 'yan kuɗin da aka miƙa musu tukwici ne, irin wanda ake ba makaɗi. Mabaraci yana nuna rashinsa, mai tashe yana nuna abin da ya iya.

A nan ne ƙauye ke da abin koya wa birni. A gari irin Maruta, yaron da ya ɓoye fuska da auduga an san ɗan gidan wane ne, don haka bai isa ya wuce gona da iri ba. Abin da ya lalace a Kano shi ne wannan sanayya. Unguwa ta cika da baƙin juna, tashe ya bar tsakar gida ya hau titi, ya faɗa hannun ƙartai masu tare motoci. Wannan ba tashe ba ne, kuma hana yara wasa ba zai kama mai wuƙa ba.

Abin da nake gani shi ne a mai da shi inda ya fito. Mai unguwa ya san ƙungiyoyin yaran unguwarsa, kowace da babba ɗaya a bayanta, a fara bayan asham, a tashi da wuri, kada a tsallaka titi. Birnin da ya iya tsara dubban mahaya a ranar Hawan Daushe ba zai gaza tsara yara goma da gwangwani ba. Iyalin da ba su da halin zuwa ƙofar fada su ma suna da haƙƙin biki, kuma tashe ne kaɗai ke kai musu shi har gida.