Hasken Aro: Nazari a kan Hoton Kwazazzabo da Safiyar Kaka

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin masu sukar hotuna na Turai da Amurka, har ta soma samun masu maimaita ta a wajenmu, cewa hoton daji da kwazazzabo a lokacin kaka ba fanni ba ne da ya cancanci mai hankali ya ɓata tawadarsa a kai, wai domin kyawun na Mahalicci ne, aikin na na'ura ne, shi kuwa mai ɗaukar hoton ba shi da rabo face ya tsaya inda dubbai suka riga shi tsayawa, ya danna, ya kai wa masu buga kalanda. Wannan hukunci zalunci ne, kuma hujjar da za ta rushe shi tana cikin aikin kansa, ga duk wanda ya yarda ya dube shi da idon basira.

Tarihin abin ba ya bukatar dogon sharhi. Tun Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya yi bayani a Kitabul Manazir yadda haske ke kutsawa ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya sauke surar abin da ke waje, asalin kyamara ya tabbata. Sai dai ba a bayyana wa jama'a hanyar kama wannan sura ta zauna ba sai a 1839, a Faransa, ta hannun Daguerre. Daga nan Amurkawa suka ɗauki manyan akwatunansu suka nufi jeji. William Henry Jackson ya ɗauki Yellowstone a 1871, shekara ta zagayo aka keɓe wurin ya zama gandun ƙasa. Ansel Adams ya biyo baya da duwatsunsa na baƙi da fari, har mutane suka ɗauka cewa hoton daji na ƙwarai shi ne mai tsauni da gajimare, launi kuwa kayan 'yan talla ne, ko da yake fim ɗin Kodachrome ya shiga kasuwa tun 1935. Wanda ya karya wannan ƙa'ida shi ne Eliot Porter, likita ne da ya yi karatu a Harvard, ya ajiye likitanci bayan mai ɗaukar hoto Alfred Stieglitz ya baje masa hotunansa a Niyok a ƙarshen 1938, ya shafe sauran rayuwarsa, har rasuwarsa a 1990, yana bin ƙoramu da kurmi da fim mai launi. Mu kuma a namu ɓangaren, hoton daji shi ne reshen sana'ar da ya fi nisa daga saɓanin malamai game da sura, tun da ya inganta cewa Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, ya nuna wa mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai.

Kowa ya san abin da ake nufi da kaka a ƙasashen sanyi: rana ta gajarta, sinadarin kore ya janye daga ganye, rawayan da ke ɓoye a ƙarƙashinsa tun bazara ya bayyana, ja kuma ya ƙullu sabo daga sukarin da ya taru a ganyen idan aka jera yini mai rana da dare mai sanyi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne cewa wannan launi, in ya yi yawa, makiyin hoto ne, domin ido yakan ruɗe ya rasa inda zai sauka. A nan ne kwazazzabo ya fi fili daraja, saboda yana ƙuntata launin, yana kewaye shi da dutse mai duhu.

Mu ɗauki Watkins Glen misali, a kudancin tafkin Seneca cikin jihar Niyok, inda ƙorama ta sassaƙe dutse ta gangaro ƙafa 400 cikin mil biyu, ta bi ta magangaran ruwa 19, tsakanin bangaye masu kai ƙafa 200. Da safiyar Oktoba, sa'ad da rana ta ɓullo, ba ta isa gindin kwazazzabon nan da nan. Kawunan itatuwan da ke bisa gaɓa take fara taɓawa, irin su mapul, wanda ganyensa ke kan tutar Kanada, su kama da ja da ruwan goro, alhali ƙasa tana cikin inuwa, ba abin da ke haskaka ta sai shuɗin sama. Sa'an nan sai itatuwan da rana ta taɓa su mayar da haskensu ƙasa, ya faɗa a kan ruwa da jiƙaƙƙen dutse, a sami haske iri biyu a wuri guda: mai ɗumi wanda aka aro daga ganye, da mai sanyi wanda aka aro daga sama. Wannan hasken aro shi ne ruhin fannin duka, kuma ba ya daɗewa, domin da zarar hantsi ya dubi gindin kwarin, rana ta faɗa kai tsaye, sai wurin ya yayyage ya zama farin tabo da baƙin tabo, abin da ake nema ya tafi sai gobe.

Sharaɗin farko na kama shi kuwa shi ne a fitar da sama daga cikin hoton. Masu koyo sukan ji nauyin wannan hukunci, suna ganin hoto ba sama kamar bai cika ba, amma dalilinsa a bayyane yake. Idon ɗan Adam yana gyara kansa tsakanin haske da duhu ba tare da mai shi ya sani ba, fim kuwa ba shi da wannan baiwa: fim mai launi irin wanda ake haskawa a bango ba ya ɗaukar fiye da ninki biyar na haske ko kusa da haka, tazarar da ke tsakanin sararin safiya da gindin kwazazzabo kuwa ta zarce wannan nesa. In aka auna don sama, ƙasa ta zama baƙi ƙirin. In aka auna don ƙasa, sama ta ƙone ta zama fari fat, ta fizge ido daga duk abin da aka zo nunawa. Kyamarorin zamani sun faɗaɗa wannan iyaka, amma ba su canja ɗabi'ar ido ba, wanda har abada wurin da ya fi haske yake fara nufa. Saboda haka gwani yakan sunkuyar da kyamararsa, ya bar sama ta shigo ta hanyar inuwarta a cikin ruwa kaɗai. Dubi hoton da Porter ya ɗauka a wata ƙorama ta New Hampshire cikin Oktoban 1953: ba tsauni, ba gajimare, ba ma itacen da ya ba da launin, sai fuskar ruwa da ganyaye a kanta, amma kakar duka tana ciki, domin ruwan ya ɗauko ta.

Sharaɗi na biyu shi ne lokaci. Inuwa tana tilasta a bar ƙofar haske a buɗe tsawon daƙiƙa ko fiye, kyamara na kafe bisa ƙafafunta uku, kuma a cikin wannan ɗan tsakani dole ganye ya tsaya cik alhali ruwa na tafiya. Wannan ne hikimar sammako, domin iska ba ta cika tashi ba sai rana ta ɗumama ƙasa, kuma sanyin da ya kwanta a kwari cikin dare, in ya gamu da ruwan da bai gama sakin ɗumin bazara ba, yakan tayar da ɗan tururi wanda ke raba itacen kusa da na nesa, ya ba hoton zurfi. Game da ruwan kansa, ni ina tare da masu buɗe ƙofa rubu'in daƙiƙa ko rabi, inda zaren ruwan ke fitowa ɗaya-ɗaya, a ga nauyinsa da inda ya karya a kan dutse. Masu barin ta daƙiƙa talatin har magangara ta koma farin hayaƙi sun kashe ruwan ne, suna zaton sun ƙawata shi.

Sharaɗi na uku, wanda a nan ake gane malami da almajiri, shi ne gilashin kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara. Jiƙaƙƙen ganye yana mayar da hasken sama ya rufe launinsa na asali. In aka murɗa gilashin nan, ƙyallin ya gushe, jan ya fito sosai. Amma fa hasken aro da ke kan ruwa shi ma ƙyalli ne, wanda ya murɗa har ƙarshe ya share abin da ya tashi da asuba dominsa. Ba littafin da zai faɗa maka inda za ka tsayar da yatsa; mizani ne da ke cikin idon mai aikin, kuma wanda ya ce na'ura ce ke yin komai, sai ya gaya mana wace na'ura ce ta san wannan haddi.

Masu cewa ai launin Porter ma na'ura ce ta ba shi, ba su san yadda yake wanke hotunansa ba. Yana raba sura gida uku, kowace a faranti dabam, ya tsoma ɗaya a shuɗi-shuɗi, ɗaya a ja mai garura, ɗaya a rawaya, ya danna su bi da bi a kan takarda guda, yana ƙara wannan yana rage wancan, kamar yadda marinin Ƙofar Mata ke sanin tsomi nawa zane zai sha kafin babansa ya zauna. Da wannan aiki ne littafinsa na 1962, wanda ƙungiyar Sierra Club ta buga, ya sauya ra'ayin mutane game da launi, har a 1979 gidan tarihi na Metropolitan a Niyok ya keɓe masa baje koli shi kaɗai. Abin da ya biyo bayan fitowar fim ɗin Velvia a 1990, da abin da ake yi yau a kwamfuta na cika ja har ya yi kururuwa, wannan laifin masu wuce gona da iri ne, ba a kama fanni da laifin wanda ya ɓata shi.

Abin da nake son kaiwa gare shi shi ne cewa wannan fanni tarbiyya ce ta gani kafin ya zama sana'a. Hoton tsauni yana koya wa mutum mamakin abin da ya fi ƙarfinsa, kuma wannan ba wuya, ko jahili ya san dutse babba ne. Hoton kwazazzabo kuwa yana koya masa abin da ya fi wuya, watau ƙana'a da ɗan abin da ke gabansa, da haƙurin jiran hasken da ba shi da ikon kira ko tsayarwa, da tawali'un barin abu mafi girma a waje domin ƙaramin ya samu a gan shi. Malamanmu sun kira irin wannan kallo tafakkuri, suka ɗaukaka shi bisa kallon shagala. Fannin kuma yana da amfani na zahiri, domin littafin Porter na kwazazzabon Glen Canyon ya fito a 1963, shekarar da aka rufe ƙofofin madatsar da ta nutsar da wurin, hotunansa suka zama shaida a kan abin da aka salwantar. Fannin da ke gyara idon mai kallo, ya kuma tsaya shaida ga ƙasa ranar da ake shawarar makomarta, ya cancanci a karanta shi da ladabin da ake karanta kowane ilmi.