Jinjina ga Masu Shayar da Inji

A 2007 sunan Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Jama'a suka yi ta kallon farfela. Ni kuwa masu ɗaura tiyon mai nake yi wa jinjina, aikin da ba a ɗaukarsa hoto.

Duk bakanike a Kwoi ko Kafanchan ya san halin famfon mai: in ya mutu, motar citta ta tsaya gefen titi, direba ya sauko yana tsaki. A sama babu gefen titi. Shi ya sa masu ƙera ƙananan jirage a gida kan sa famfo biyu, wanda inji ke juyawa da na lantarki mai zaman ko-ta-kwana. Sukan nesanta tiyo da salansa, don zafi kan mai da fetur tururi, inji ya shaƙe. Sannunku da haƙuri!

Kafin tashin farko sukan kwance tiyo, su tara jarka, su riƙe agogo, su auna ko famfon na kawo fiye da abin da injin zai sha lokacin tashi.