Zolaya Babu Abokin Wasa

Duk wanda ya tashi a Gafasa, ko a wani gari na ƙasar Ajingi da Gaya, ya san akwai maganganun da in baƙo ya ji zai ɗauka yanzu za a zari sanda, amma mutanen gida ko kai ba sa ɗagawa. Yaro zai leƙa ɗakin kakarsa da sassafe ya ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan? Mu fa mun ƙagu mu sha gumba." Ita kuma tana jan carbinta za ta ce ba inda za ta sai ta ga bayan raggon miji irinsa, wanda ko kuɗin gishiri ba ya iya ajiyewa. Mutuwa ya yi mata fata ƙiri-ƙiri, amma da zai ɗauke ƙafa bai zo ya faɗa ba, aike za ta yi a ji ko lafiya. Taubasai ma haka suke. Ɗan mace da ɗan namiji su haɗu a gidan biki, ɗaya ya kira ɗaya bawa a gaban surukansa, in watan cika-ciki ya kama a bi juna da zancen kuɗin shara. Ga kuma wasan ƙabilu da garuruwa da sana'o'i: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, maƙera da Buzaye. Jamhuriyar Nijar ta kai wannan al'ada har gaban UNESCO, aka sa ta cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu a 2014.

Don haka idan na ji ana cewa 'yan barkwancin waya ne suka kawo mana kaifin baki da rashin kunyar da ba mu sani ba, sai in yi murmushi. Bakin Bahaushe ya daɗe da kaifi. 'Yan gambara sun zuba batsa a tsakiyar kasuwa tun kafin a san rediyo, irin wadda dattijo ke sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa, ya kuma miƙa kuɗi don kada a juyo kansa. 'Yan kama sukan ɗauki waƙar babban makaɗi, ko salon jan baƙi da fassarar malami, su mayar da komai zancen tuwo da miya da man shanu, malamin ma in yana wurin ya dara, domin ya san muryarsa ake kwaikwayo, ba a taɓa abin da yake karantawa ba. Wawan sarki yakan faɗi a fada abin da hakimi ba zai iya faɗa ba. In azumi ya kai goma kuma yara su fito tashe, su liƙa gemun auduga, su yi tafiyar tsoho, su kwaikwayi mai gida da matarsa suna rikici. A birnin Kano Nalako, sarkin gwagware, ya bi su da igiya.

Kada a ɗauka duk wannan tsafta ce. Ɗan gambara sau da yawa ƙwace yake yi da baki, kuma gwauron da aka zagaya gari da shi ba lallai ne ya kwana yana dariya ba. Sai dai a kowanne akwai abin da ke riƙe da wasan. Wanda ake zolaya yana wurin, ana kallon fuskarsa. Yana da bakin ramawa, kuma jama'a na jiran ya rama, domin rabin daɗin wasan taubasai yana cikin amsar. Kowa ya san dangantakar da ta halatta maganar. Abin da jika zai gaya wa kaka, in ɗa ya gaya wa uwa an shiga uku. Tashe yana da watansa, ranar sallah an tattara. Idan kuma mai zolaya ya zarce, akwai wanda zai ce masa, "Kai, wannan ba wasa ba ne," ya ja bakinsa, maganar ta mutu a inda aka haife ta.

Rabilu Musa Ɗan Ibro shi ne ya ɗauko wannan gado daga dandali ya sa shi a kaset, kuma mutanen gabashin Kano suna da haƙƙin cewa nasu ne. Ɗan Ɗanlasan ne ta ƙasar Warawa, ya zauna a Wudil, inda motocin Gaya ke tsallake gada in za su birni. Baƙauye ya fi fitowa, amma a lura da irin baƙauyen. Mai taurin kai ne, mai gardama, wanda za a raina shi a farkon fim ya ƙare ya ɗaure ɗan birni da jijiyarsa. Manomi a Ajingi yana kallon Ibro yana ganin wani kawunsa ne, ba ya jin da shi ake. Wannan bai hana Ibro shan wuya ba. Fim ɗinsa Ibro Usama ya sa wasu malamai sun yi masa ca. A 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga fim, sai ga shi a ɗaya ɓangaren ƙofar. Ya rasu a Disamban 2014, kafin TikTok ya iso, kuma nakan yi tunanin da ya riske shi da wane irin tashin ƙura za a yi.

Kaset ya riga ya raba mai zolaya da wanda ake zolaya, amma aƙalla fim yana da farko da ƙarshe, kuma sai ka nema kake kallo. Waya ta ƙarasa abin da ya rage. A rumfar mai cajin waya a Gafasa, inda ake jera wayoyi a kan katako kowacce da 'yar takardar lamba, janareto na ƙugi a baya, za ka ga samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wani zai ce, "Tura min wannan." Abin da aka tura bai fi rabin minti ba, an yanko shi daga wani abu mai tsawo, babu wanda ya san abin da aka faɗa kafinsa. Ba a san ko mai maganar abokin wasan wanda yake yi wa ba'a ne ba. Bakano ya tsokani Bazazzagi yadda kakanninsu suka saba, wani a Legas ko Jidda da bai san da wasan ba ya gani ya ce an ci mutuncin gari guda. Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi muni: mutum ya ci zarafin wanda babu wasa tsakaninsu, in an yi magana ya ce ai barkwanci ne, ba ku san raha ba.

Daga nan sai fushi ya tashi, kuma fushin nan ya zama sana'a mai zaman kanta. Akwai masu jiran a yi ɓaram-ɓarama su kunna kyamara su yi raddi. Sukan fara da sallama da salati, su ce ba su so yin magana ba amma abin ya kai maƙura, sannan su saka bidiyon da suke tsinewa ɗungurungum a gefen fuskarsu, don wanda bai gani ba ya gani. Mai raddi ya samu mabiya, wanda aka yi wa raddi ya samu ninkinsu, wani kuma ya fito ya yi wa mai raddin raddi. Manhajar ba ruwanta da wanda ke dariya da wanda ke tsinuwa, duk kallo ne, kuma kallo ne ke kawo talla da kyautar da ake jefawa a shirin kai-tsaye. Yaron da ya gano cewa zagi ya fi yabo saurin yaɗa shi ba zai koma yin wasa mai tsafta don a ce masa Allah ya yi albarka ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne wajen zaɓen abin da ake fusata a kansa. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, da fitowa su nemi afuwa, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ƙungiyar Amnesty ta yi tir da hukuncin. A watan nan dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, nan maƙwabtan Gaya, aka wuce da shi Abuja saboda shaguɓen da ya rubuta a Twitter a kan Aisha Buhari, matar shugaban ƙasa na lokacin. Abin da suka yi, a tsohon ma'auni, aikin wawan sarki ne da ɗan kama: na ƙasa ya taɓa na sama da baki, tun da ba shi da wani makamin. Sarakunan da ba a zaɓe su ba sun ajiye wawa a fada suna ciyar da shi. Waɗanda aka zaɓa da ƙuri'a kuma suna da 'yan sanda da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda sai a 2024 aka rage masa faɗi.

A nan dole a yi wa fushin waya adalci. Shi ne ya fito da ɗalibin nan. Hayaniyar da aka yi a Twitter da Facebook, da barazanar zanga-zangar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, su suka sa aka janye ƙarar a farkon Disamba. Taron da ke iya rufe mutum da duka shi ne kuma ke iya ƙwato shi, ya danganta da wanda ya riga kai masa labari.

Sauran shari'o'in da suka yi ƙara kusan duk a kan batsa ne. Dambarwar 'yar TikTok Murja Ibrahim Kunya da Hisba a farkon 2024 ta kai har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa na shugaban Hisba bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda ake kamen, kafin a sasanta ya dawo. A Oktoban 2025 wata kotu ta umarci Hisba ta ɗaura wa wasu 'yan TikTok biyu aure cikin kwana 60 saboda bidiyon da suke yi tare, daga baya aka fasa. Ko me mutum zai ce game da waɗannan hukunce-hukunce, sun nuna abubuwa biyu da hukuma ke tashi tsaye a kansu: a taɓa mai mulki, ko a taɓa kunya ta fuskar mace da namiji.

To amma a zauna a kalli abin da ake dariya a kansa kullum, wanda ba ya kai kowa kotu. Mai in'ina. Wada, wanda ake ɗauka a cilla kamar kaya. Makaho da ake canza wa hanya. Mai taɓin hankali na gaske, ba na wasa ba, da ake bi da waya a titi ana tsokanarsa ya yi zagi a ɗauka. Almajiri da ake ba abinci a fizge. Bazawara, wadda ta zama abin taunawar kowane sabon ɗan wasa. Sai kuma baƙauye, wanda ya shafi mutanen Gafasa kai-tsaye: a shafa wa yaro baƙin tukunya a haƙori, a sa masa riga ta yi masa yawa, ya shigo birni yana tsoron fanka, yana gaida mutumin cikin talabijin. Wannan ba baƙauyen Ibro ba ne, ba ya cin nasara a ƙarshe, an kawo shi ne kawai don a nuna shi. Mutanen da geronsu da dawarsu da gyaɗarsu ke ciyar da birnin, waɗanda tarihin Kano kansa ke cewa daga ƙasarsu ta Gaya maƙeran farko suka tashi suka je Dala neman tama, su ne dolayen kowane shiri. Kuma da kuɗin datarsu suke kallo.

Duk waɗannan babu mai bakin ramawa a cikinsu. Babu wasa tsakanin mai lafiya da mai taɓin hankali, ba a taɓa yi ba. A Gafasa in yara suka bi mahaukaci da jifa, dattijon da ya fara gani zai kore su, ba sai an kira kowa ba. A waya yaran sun girma, sun sayi fitilar ɗaukar hoto, dattijon kuma yana cikin masu turawa. Gwamna yana da kakaki da lauyoyi da gidajen rediyo, ya fi kowa ikon mayar da martani, amma shi doka ta fi karewa daga zolaya. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha sanar da hana tashe saboda 'yan daba da ke fakewa da shi suna ƙwace, dalilin kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai sakamakon shi ne wasan da ke da wata da unguwa da idon manya a kansa shi aka rufe, wanda ba shi da ko ɗaya yana tafiya dare da rana.

Ko bidiyon ban haƙuri, wanda yanzu ya zama wani nau'in wasa mai ƙa'idojinsa, yana nuna wa ake tsoro. Ɗan wasan da jiya yake tsalle da gajeren wando zai bayyana da doguwar riga da hula, ya zauna a kan tabarma, murya ƙasa. Zai ce shi ɗan Adam ne ajizi, sharrin shaiɗan ne, ba da niyya ya yi ba. Sannan ya jero waɗanda yake roƙo: iyayenmu malamai, hukumar Hisba, hukumar tace fina-finai, mai girma gwamna, masoyansa na gida da na waje. Na kalli irin waɗannan da dama ina sauraron ko za a ambaci mutanen karkara, ko makafi, ko matar da aka yi wa ba'a da mutuwar aurenta. Jerin yakan ƙare a kan masoya, sai ya roƙi a ci gaba da bibiyar shafinsa.