Amsa-kuwwar Mai Shago, Alƙalin Farko na Sabuwar Waƙa

Duk wanda ya san Wudil ya san cewa ranar Juma'a garin ba ya jin kansa: ga kukan shanu daga kara, ga rurin manyan motoci a kan gada, a da kuma amsa-kuwwar masu sayar da kaset takan danne su duka. A ɗaya daga cikin shagunan nan na fara ganin yadda mawaƙi yake fitowa. Wani saurayi ɗan ƙauyenmu ya kawo kaset ɗinsa na farko. Mai shagon ya saurara, bai ce uffan ba, amma da ranar kasuwa ta zagayo ya sa shi tun hantsi har la'asar. Kafin a watse, fatake sun tafi da waƙar gabas da kudu.

Irin wannan tallafi ya daɗe a ƙasar Kano. A birnin ne Cif Tabansi ya kafa kamfaninsa na faifai a farkon shekarun 1950, kafin ya koma Anacha. A ganina, mai sayar da waƙa shi ne manazarcin farko da sabon mawaƙi yake gamuwa da shi, tun kafin gidan rediyo ya san da zamansa, balle malaman jami'a. Hukuncinsa ba ya shiga littafi. Ƙara murya ko cire kaset, shi ke nan.

Sai dai kunnen nan na ɗan kasuwa ne, kuma a nan nake da ja da masu yi wa zamanin kaset kirari. Abin da ya ja hankalina a kaset ɗin saurayin shi ne gurminsa da yadda yake jan baiti a kan noma da ƙaurar samari zuwa birni, da Hausar ƙauye wadda ba ta ji kunyar kanta ba. Da ya dawo da na biyu, gurmi ya ɓace. An ba shi shawara ya koma fiyano, ya rage tsawo, ya sa soyayya da amshin mata. Tun da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 wannan sauti ya mamaye kasuwa, masu shaguna kuwa suka bi inda ciniki yake, kukuma da kalangu suka sauka zuwa kantar ƙasa. Kaset na biyu ya fi na farko sayuwa. Ni dai ban iya tuna baiti ɗaya daga cikinsa ba, domin babu abin da ya bambanta shi da ashirin ɗin da ke jere kusa da shi.

Ba kowa wannan tsari ya cuta ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan wanda Wudil take tinƙaho da shi, barkwancinsa ya dace da hayaniyar kasuwa, amsa-kuwwa ta ƙara masa armashi. Mai waƙar da ke neman natsuwa shi ne ya sha wuya.

Akwai kuma batun haƙƙi. Saurayin ya sayar da waƙoƙinsa dungurungum a kan kuɗi kaɗan, babu takarda, babu shaida, aka yi ta kwafa bai sake ganin sisi ba. Da masu tura waƙa a waya suka gaji masu kaset, ko wannan ɗan kuɗin ma ya tafi.

A 2020 waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa ta kafafen sada zumunta, ba tare da ta jira wani mai shago ba. Na yi murna da wannan 'yanci. Duk da haka, intanet ba ta zama ta saurari yaro har ƙarshen kaset, ba ta ba shi bashin kuɗin ɗaukar murya, ba ta kuma ce masa ya koma ya gyara baiti na uku. Mai shagon namu ya yi duk wannan, ko da yake ya raba shi da gurmi.

Shagon yana nan kusa da tasha, caja da murfin waya ake sayarwa. Da na tambayi kaset ɗin farko, yaron da ke tsaro ya ce an zubar da kwalayen tun kafin ya zo.