Don Allah Ku Bar Yamllint Ya Yi Aikinsa

Akwai wani yayi da ya shigo tsakanin masu rubuta manhaja, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai sauke yamllint, manhajar duba kurakuran fayilolin YAML, da pip, ya sake shi a kan fayilolinsa na Ansible ko Kubernetes, allo ya cika da ƙorafi. Maimakon ya tsaya ya karanta, sai ya buɗe fayil ɗin .yamllint ya bi dokokin ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. Wani ma ko wannan wahalar ba ya sha, || true kawai yake liƙawa a ƙarshen umarnin, komai ya wuce ko da kuskure. To malam, me ya kai ka saka shi tun farko?

Na yarda, dokar tsawon layi tana da ban haushi. Haruffa 80, ma'aunin da aka gada tun daga katin IBM na 1928, adireshin intanet guda ya isa ya tsallake shi. Amma maganinta bai fi layi huɗu ba: ka ɗaga iyakar zuwa 120, ko ka mayar da ita gargaɗi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne dokokin da ake haɗawa da ita a kashe. Ɗauki truthy. A YAML 1.1, wanda PyYAML, manhajar da ke karanta YAML a Python, ke bi har yau, yes, no, on da off duk "eh" ko "a'a" ne. Ka jera lambobin ƙasashe, ka rubuta NO kana nufin Norwe ba tare da alamar zance ba, na'ura ta karanta "a'a" ta wuce, ba ko tari. Haka key-duplicates: ka maimaita suna sau biyu a fayil mai layi ɗari uku, PyYAML ya ɗauki na ƙarshe ya yar da na farko, shiru. Idonka ba zai kama wannan da ƙarfe biyun dare ba. Yamllint zai kama shi nan take, har ya faɗa maka lambar layin.

"Ai yana ƙorafi a kan on: na GitHub Actions." Gaskiya ne. Sa check-keys: false a ƙarƙashin truthy, magana ta ƙare, dokar kuma tana nan da ranta.

Ku fara da extends: default, ku sassauta abin da ya matsa muku, ku ajiye fayil ɗin .yamllint cikin ma'ajiyar aikin don kowa ya bi tsari ɗaya. Truthy da key-duplicates kuwa, don Allah ku ƙyale su a kunne.