Doki a Bakin Makaɗi da Doki a Takarda: Sharhi kan Waƙar Ɗanfilinge

Ɗalibai da dama idan aka ba su waƙar Ibrahim Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanfilinge, sukan karanta ta tamkar rahoton abin da ya faru a filin sukuwa. Wasu har sukan kafa hujja da ita cewa ba a taɓa tsere wa dokin ba. Wannan karatu yana da rauni, domin waƙar ba ta ɗauki alkawarin ba da irin wannan shaida ba.

Narambaɗa mutumin Tubali ne, makaɗin kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa. Turken waƙarsa yabo ne, kuma dokin ya shiga wurin da basarake ya saba zama. Sunansa kansa tubalin asali ne, wato an danganta shi da Filinge ta ƙasar Kurfai, arewa maso gabas da Yamai, kamar yadda ake cewa ɗan Azbin idan ana nufin dokin da ya fito daga can. A bakin Gobirawa da Sakkwatawa sunan yakan koma Ɗanhilinge, kuma haka ya kamata ɗalibi ya rubuta shi idan yana kwafo waƙar daga faifai.

Domin a ga abin da waƙar ta bari, yana da kyau a dubi yadda Turawa ke auna doki a tseren fili, wanda babu tsallaken shinge a cikinsa. A Ingila an fara rubuta asalin dawakin tsere cikin kundi tun 1791, a hannun James Weatherby. Gasar Derby ta Epsom ta soma a 1780, ta Arc de Triomphe a Faransa kuma a 1920, dukansu a yau kimanin mita 2,400 ake zurawa. Kafin a saki dawaki, mai kallo yana da takarda da ke nuna shekarun kowane doki, da nauyin da zai ɗauka, da sunan mahayi da na mai horarwa, da ko ƙasa ta jiƙe ko ta bushe. Sannan ga jerin lambobi, misali 1, 3, 0, 2, wato ya zo na ɗaya, ya zo na uku, ya ɓace a cikin taro, ya zo na biyu. Abin sha'awa, Faransawa suna kiran wannan jeri da kalmarsu ta kiɗa, kuma shi masu cacar dawaki ta PMU a Yamai da Maraɗi ke duƙufa a kai.

To, wannan kiɗan na takarda yana da sifili a cikinsa. Kiɗan kotso ba shi da shi. Makaɗin fada ba ya tsayawa gaban ubangidansa ya ce ranar kaza an bar dokinka a baya, kuma ba ya faɗin tsawon fili ko daƙiƙa nawa aka yi. Idan ya ambaci abokan karawa, don ya yi musu zambo ne ko habaici, ba don ya gwada ƙarfinsu da adalci ba. Ke nan, mai neman sanin ainihin gudun Ɗanfilinge ba zai samu a nan ba. Ko Frankel na Ingila, wanda ya ci tsere 14 cikin 14 tsakanin 2010 da 2012, an yarda da fifikonsa ne saboda an rubuta sakamakon dawakin da ya kayar, ana iya bin diddiginsu ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai ba daidai ba ne a ce waƙar ta gaza. Abin da take aunawa daban ne. A wancan zamani doki martabar gida ne: akwai shamaki, akwai 'yan barga masu yankan ciyawa da ba da dusa da kanwa, kuma ranar sukuwa duk waɗannan mutane ne ke kan sirdi tare da mahayi. Idan doki ya wuce, fada ce ta wuce wata fada. Narambaɗa ya kama wannan da kyau. Saurin kotso, da yadda 'yan amshi ke karɓewa kafin jagora ya sauke numfashi, da yawan komawa ga gindin waƙa, su ke sa mai sauraro ya ji kamar ƙura na tashi a gabansa. Wannan kuwa ba ya fitowa a rubutaccen matani, shi ya sa nazarin da aka yi daga takarda kaɗai yakan fito a bushe.

Inda za a iya kushe waƙar shi ne dokin kansa yakan ɓuya a bayan mutanen da ake yabo da waɗanda ake yi wa zambo. Hausa tana da kalmomi masu yawa na kamannin doki da tafiyarsa, irin su akawal da kili da bidi da gunya da hurde, ga sassarfa da taƙama da zamiya. Ɗalibin da ya saurari waƙar zai amfana idan ya ware ɗiyan da ke siffanta dabbar daga waɗanda ke magana kan mutane, ya ƙirga kowane kashi, sannan ya duba wanne ne makaɗin ya fi daɗewa a kansa.