Facin 2019 a Direban ideapad-laptop: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Kuskure?

Gabatarwa

Wannan sharhi ya duba facin da Hans de Goede ya gabatar a 2019 ga direban ideapad-laptop na zuciyar Linux, wanda ya shiga fitowa ta 5.2. Manufar ita ce a auna hujjar facin, sannan a gano wanda ya amfana da wanda aka bari a baya.

Matsalar

An rubuta direban ne a zamanin da kwamfutocin Lenovo IdeaPad ke zuwa da maɓalli a jikinsu na kashe wifi. Da kamfanin ya fara fitar da samfurori marasa maɓallin, sai manhajar da aka dasa a cikinsu ta ci gaba da shaida wa direban cewa a kashe yake. Direban kuwa ya miƙa wannan rahoto ga sashen rfkill, sai wifi mai lafiya ya ƙi aiki. Maganin farko shi ne jera sunayen samfurori marasa maɓalli domin a yi watsi da rahotonsu. Jerin ya yi ta tsawo, domin kowane sabon samfuri sai ya jira wani ya kai ƙara.

Ƙarfin Facin

De Goede ya juya ƙa'idar: a ɗauka babu maɓalli, sai ga samfurin da aka tabbatar yana da shi. Hujjarsa tana da nauyi domin ta auna kurakurai biyu. A tsohon tsari, kuskure yana hana mutum wifi gaba ɗaya. A sabon tsari, iyakar asarar ita ce direban ba zai sanar da cewa an kashe maɓallin ba. Abin yabawa kuma, marubucin ya amsa cewa shi ya fara tsohon jerin, kuma kuskure ne.

Rauninsa

Sabon jerin ya fara ne babu suna ko ɗaya, yana jiran masu tsofaffin kwamfutoci su kai rahoto. A nan gizo ke saƙar. Tsohuwar na'ura takan bar hannun mai ita na farko ta faɗa kasuwar gwanjo, irin Suƙ Al-Haraj ta birnin Doha, inda ake cinikin kayan gida da na lantarki da aka yi amfani da su. Ɗalibi ko ɗan ci-ranin da ya sayi irin wannan kwamfuta, in maɓallin ya goce cikin jaka, zai iya ɗauka wifi ɗin ya mutu. Da wuya ya san inda ake kai rahoto, balle ya rubuta shi da Turanci.

Kammalawa

Facin daidai ne, domin ya zaɓi ƙaramar asara. Sai dai tsarin da ya dogara da ƙorafi yana jin muryar masu sabuwar na'ura kawai. Ya kamata mai bitar faci ya riƙa tambayar kansa: wannan na'ura a hannun wa take a yau?